Wake da Tsinke

Shekarata hamsin da takwas, gwiwa na ƙara,
na hau tudun Valparaíso bayan an tashi daga bakin teku,
ƙarnin kifi bai gama barin hannuna ba.
Bencin yara ne, ƙafata ta ƙi shiga ƙarƙashin tebur.
Makarantar dare. Mu tara, har da mai facin taya.

Malama Eulogia ta zazzage jiƙaƙƙen wake a gabanmu
da tsinken sakace, sai ka ce mai shirin talla.
Ta ce, ga haidurojin, talakan talakawa,
ilektaron ɗaya tak ya mallaka,
biyu yake nema kafin ya sami kwanciyar zuciya.

Ga wani irinsa, shi ma ɗayan ne gare shi.
Babu ƙwace, babu rance.
Sai su matso, kowa ya ajiye nasa a tsakani,
wannan ya ƙirga, biyu gare ni,
wancan ya ƙirga, biyu gare ni,
kuma cikinsu babu wanda ya yi ƙarya.

Na ɗaga hannu. Na ce, Malama, wannan lissafin na san shi.
Ni da Nibaldo, ƙanin matata, kwale-kwale ɗaya muka saya,
rabin kuɗin nawa, rabi nasa.
Tambaye shi a kasuwa, zai ce yana da jirgi.
Tambaye ni, in ce ina da jirgi.
Shekara goma sha tara muna zaman doya da manja,
jirgin ya hana kowa tafiya.

Aji ya kwashe da dariya. Ita ko gezau.
Ta zaɓo wake mai ƙiba, ta ce, to ga oksijin,
shida ne a bakin ƙofarsa, takwas yake so.
Ya kama haidurojin hagu da dama, ruwa ya samu.
Sai dai rabon ba daidai yake ba,
shi ya fi ƙarfin ja, bargon wajensa ya karkata,
ƙananan na kwana sanyi na cin bayansu.
Na ce a raina, makullin inji a aljihun wa yake tun jiya?

Ta ɗiga ɗigo huɗu da alli a ƙeyar oksijin,
biyu nan, biyu can, ba su riƙe kowa ba.
Ta ce, kada ku raina su, su suka tanƙwara ruwa,
suka danne hannayen nan biyu ƙasa
kamar na mai ɗauke da bokitai.
Na daɗe ina kallon ɗigon.
Abin da mutum bai raba da kowa ba ashe yana da nauyi,
shi ke lanƙwasa kafaɗar da yake yawo da ita a duniya.

Naitirojin kuwa, in ji ta, igiya uku ya ɗaura wa ɗan'uwansa,
sai tsawa ta faɗo kafin su saki juna.
Mai facin taya ya ce Allah Ya kiyashe shi da irin wannan.

Ƙarfe tara da rabi na shiga keken da ke saukar da mu tudun.
Wancan na hawa, namu na sauka, waya ɗaya ke riƙe da su,
muka gifta juna a tsakiya, fuska da fuska, babu gaisuwa.
Ruwan da na haɗa yana aljihun rigata,
wake uku, tsinke biyu, ɗaya ya soke ni a ƙirji.

Can ƙasa akwai fitila a cikin jirgin.
Yana ɗinkin koma, gefensa ya gama, ya tsallako nawa.
Bai ɗago kai ba.
Na zauna, na kama ɗaya bakin igiya.